Ɗigon Baƙin Mai Da Ciwon Ƙafa: Gyaran Da Mai Mota Zai Iya Yi A Gida

Duk ma'aikacin da ya taɓa riƙon tsohuwar mota ya san wannan hali. Mutum ya fito da sassafe zai tafi ofis, ya ja motarsa da baya, sai ya ga inda ta kwana ya yi baƙi kamar faɗin tafin hannu. Ya ce a ransa ai ɗan ɗigo ne, in Allah ya kai mu ƙarshen wata a kai ta gareji. Ƙarshen wata ya zo, kuɗin makarantar yara da na cefane su lashe albashi, mota kuwa ta ci gaba da ɗigonta, maigida ya ci gaba da yi mata ciko da galan ɗin baƙin mai da ya ajiye a but. Bayan wata huɗu ko biyar sai a fara jin wata ƙara daga ƙasa, ƙwas-ƙwas, duk sa'ad da taya ta faɗa rami, kan motar kuma ya soma yawo a bisa titi kamar jirgin fito.

Akasarin masu mota sun ɗauka waɗannan cututtuka biyu ne dabam-dabam, kowace da ranar zuwanta. Sau da yawa kuwa ba haka abin yake ba. Tsakanin ƙarafan da ke riƙe da ƙafafun mota akwai robobi waɗanda makanikai ke kira bushin, haka kuma inji kansa a kan robobi yake zaune. Roba irin wannan ba ta shiri da baƙin mai ko kaɗan. In mai ya daɗe yana ɗiga a kanta sai ta kumbura, ta yi laushi, daga baya ta ruɓe, ƙarfe ya koma yana bugun ƙarfe. Ashe ke nan ɗigon da aka raina, wanda watakila sabon fakin ɗaya zai yi maganinsa, shi ne ya jawo aikin ƙafa mai cin albashi.

A da can wannan magana ba ta dami ma'aikaci sosai ba. A shekarar 1975, lokacin da kuɗin Udoji suka shiga hannun ma'aikatan gwamnati, a shekarar ce kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antarsa ta harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, kamfanin Volkswagen kuma ya fara nasa aikin a Legas. Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo, ta fara fitowa ne a Faransa a 1968, ta kuma yi suna wajen jure mugun hanya, har ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975. An ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har zuwa 2006. A farkon wancan zamani mota sabuwa ce, kayan gyaranta kuma ga su nan birjik a kanti. Daga 1986, da aka shiga shirin gyaran tattalin arziki darajar naira ta faɗi, sai aka koma ga motocin da suka riga suka sha tafiya a Turai, waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, ma'aikacin da ke da mota sai ya yi lissafi kafin ya tada ta, balle ya kai ta gareji. Sabili da haka ya kamata mai mota, ko Corolla gare shi, ko Golf, ko tsohuwar Fijo, ya san abin da zai iya yi da hannunsa ranar Asabar, ya kuma san inda ya kamata ya tsaya.

NEMAN BAKIN YOYO

Ni kaina sai da na biya kuɗin makaranta kafin na koyi wannan darasi. Wata 504 ce da na gada, ta fara ɗigo daidai mahaɗar inji da giya. Na kai ta wani gareji, makaniken ya leƙa ƙarƙashi bai fi minti ɗaya ba, ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, sil ɗin baya ne, sai an sauke giya." Na ce, "Malam, ka tabbata?" Ya ce ai wannan aiki ya fi shekara nawa yana yinsa. Aka sauke giya, aka mayar, na biya. Washegari na sami ɗigon nan a wurinsa, bai ragu da ko ƙwaya ɗaya ba. Da na wanke injin da kaina na zuba ido, sai na ga man yana tsattsafowa ne daga ɗan ƙarfen nan mai waya ɗaya da ke kunna jar fitilar mai, wanda ake kira oyil-suwic, yana bin jikin inji yana gangarawa baya. Canza shi bai ɗauke ni minti goma ba.

Abin lura a nan shi ne, inda mai ya ɗiga ba lalle ne nan ya fito ba. Mai yana gangarowa ƙasa, in mota tana gudu kuma iska tana kora shi baya. Don haka kusan kowane yoyo yakan ƙare ne a gindin inji ta wajen giya, ko daga ina ya taso. Mai neman bakin yoyo daga sama zai fara, ya biyo sawu zuwa ƙasa, wuri mafi bisa da ya tarar da danshin mai shi ne abin zargi.

Amma tun kafin wannan, sai a tabbatar cewa baƙin mai ne ke zuba. A shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashin mota da dare, a duba da safe. Man inji ruwan zuma ne in sabo ne, ya koma baƙi in ya yi aiki. Man giya ya fi shi kauri, yana kuma da wani wari mai hawa kai wanda duk wanda ya taɓa shaƙarsa ba ya mantawa. Man giyar mota mai canza kanta yawanci ja ne. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya mota ruwa ne zalla, ba ciwo ba ne. Wanda ba a wasa da shi shi ne man birki, fari-fari ne ko rawaya-rawaya, mai santsi, yakan kuma bayyana ta cikin taya ko ƙarƙashin wajen direba. In shi aka gani, motar nan ba ta hau titi ba sai an gyara. Idan kuwa geji yana nuna mai na raguwa amma kwali ya kwana a bushe, a duba salansa. Shuɗin hayaƙi alama ce inji yana ƙona man ne a ciki, wannan kuwa maganar zobban fistan ce ko robobin bawul, ba aikin gida ba ne.

In an tabbatar man inji ne, sai wanki. A bar inji ya huce, a sa kananzir da tsohon buroshi a goge duk dattin da ya daskare, a kiyaye kada ruwa ya shiga kayan wuta, a bari ya bushe. Ba a wanke inji da fetur, ko da kuwa an ga ana yi a bakin titi. Sannan a tada mota a zaga da ita kamar minti goma sha biyar, a dawo a duba da tocila. In yoyon ƙarami ne ƙwarai, akwai dabarar barbaɗa farar hoda a wuraren da ake zargi, domin mai zai zana hanyarsa a cikinta baro-baro.

Wuraren da aka fi samun laifi ba su da yawa, mafi yawansu kuma masu sauƙi ne. Na farko fakin ɗin murfin saman inji, wanda zafi ke busarwa har ya tsage. A kan 504, wadda injinta a kishingiɗe yake, gefen murfin da ya fi yin ƙasa shi ya kamata a fara shafawa. Canza wannan fakin aiki ne na sifana ɗaya: a kwance notuna, a ɗaga murfi, a kankare tsohon fakin sarai ba tare da an bar ɓurɓushinsa ya faɗa cikin inji ba, a ɗora sabo. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaurewa da ƙarfi. Mutum yana ganin in ya matse sosai mai ba zai sami hanya ba, alhali matsewar ce ke lanƙwasa murfin ta kuma murƙushe fakin. A bi notunan kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, har su zauna daidai.

Na biyu filtar mai. In za a sa sabuwa a shafa ɗan mai a zoben robarta, a murɗa da hannu har ta taɓa jikin inji, a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. A kuma duba ko tsohon zobe ya manne a jikin inji, domin zobe biyu a wuri ɗaya na iya zubar da man inji duka cikin 'yan mintuna. Na uku notin juye mai da ke gindin tukunyar ƙasa. Yana da ɗan wasa na jan ƙarfe ko na alminiyam wanda ya kamata a canza duk sa'ad da aka juye mai, amma sai a ga an yi shekaru ana mayar da guda ɗaya.

Akwai kuma wani abu da makanikai da yawa ba sa dubawa. Inji yana da bututun numfashi, wanda ke fitar da iskar da ke taruwa a cikinsa. In ya toshe da datti, iskar nan ba ta da mafita sai ta tura mai ta kowace kafa, ka ga an canza fakin yau, jibi wani wuri ya ɓalle. Haka nan cika mai ya wuce layin sama na geji. Tsakanin layin ƙasa da na sama a yawancin ƙananan motoci kamar lita ɗaya ce, saboda haka a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana aunawa, mota tana tsaye a wuri mai daidai.

Ina so in ja kunnen mai karatu game da gam ɗin nan na roba da ake matsowa daga tub. Yana da amfaninsa a 'yan kusurwoyi, amma an mai da shi maganin kowace cuta, a lafta shi kamar ana yaɓen ɗaki. Abin da ya bulbulo ta waje ana ganinsa, wanda ya bulbulo ta ciki kuwa yakan gutsuttsure ya faɗa tukunya, ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta ciki. Daga nan jar fitila ta kama. Fitilar nan ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin hawansa take aunawa, in ta kama ana tafiya a tsaya nan take a kashe inji, ko da kuwa saura kilomita ɗaya a isa gida. Shi ma ruwan nan mai kauri da ake zubawa wai don ya tsai da yoyo, jinkiri kawai yake kawowa.

In an bi duk waɗannan aka ga lalle daga sil ɗin bayan kiranshaf man ke fitowa, to nan aikin gida ya ƙare. Sai an raba inji da giya, kuma ba a barinsa ya daɗe, don man yakan jiƙa farantin kuloci ya riƙa sulɓewa. Bambancin shi ne yanzu mai mota zai je gareji da saninsa.

ƘAFAFU

Abubuwa biyu ake yawan rikitawa. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota. Shokazoba ba ta ɗaukar nauyi, aikinta shi ne ta hana sifirin ci gaba da rawa bayan an wuce rami, ta yadda taya za ta zauna daram a ƙasa. In mota ta durƙusa ta gefe ɗaya, ko gindinta ya zauna bayan shekaru ana loda mata buhunan masara duk dawowa daga ganin gida, laifin sifirin ne. In tana lilo kamar kwalekwale, ko ta dunguri ƙasa da hanci duk sa'ad da aka taka birki, shokazoba ce. Kada a ɗauka maganar jin daɗin zama ce kawai. Tayar da ke tsalle ba ta kama ƙasa, motar da tayoyinta ba su kama ƙasa ba kuwa takan ƙara nisa kafin ta tsaya, musamman da damina.

Gwajin farko ba ya bukatar kayan aiki. A danna kusurwar mota da ƙarfi sau biyu ko uku a saki. In ta taso ta zauna, da sauran rai. In ta yi ta lilo sau biyu ko fiye, shokazobar ta mutu. Wannan gwaji yana kama wadda ta mutu murus ne, wadda ta fara gajiya tana iya tsallake shi, don haka a leƙa jikinta. Ɗan danshi da ƙura ta manne a kai ba kome ba ne, amma in mai yana gangarowa ta gama aiki. Tayoyi ma suna ba da labari ga wanda ya iya karatunsu. Cinyewa rami-rami a kewaye alamar shokazoba ce. Cinyewa ta gefe ɗaya, ciki ko waje, saitin ƙafa ne ya goce. Tsakiya kaɗai, iska ta yi yawa, gefe biyu kuma iska ta yi kaɗan.

Gwaji na biyu sai an ɗaga mota, a nan kuwa dole in tsaya in yi magana da babbar murya. Jak ɗin da ke zuwa da mota don canza taya aka yi shi, ba don mutum ya shiga ƙarƙashi ba. Bulon siminti ma ba abin dogaro ba ne, yakan fashe ba tare da ya yi sallama ba. A nemi ƙafafun ƙarfe na tokare mota, in ba su samu ba a sa guntayen katako masu kauri, a ƙasa mai tauri wadda ba gangare, a ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyin da ke ƙasa, a kuma tura tayar da aka cire ƙarƙashin mota don ko ta kwana. Kada mutum ya yi wannan aiki shi kaɗai a gida, kada kuma a bar yara suna wasa kusa.

Da taya ta bar ƙasa, a kama ta sama da ƙasa a girgiza. In an ji motsi, ko bol-joyin ne ko boris ɗin taya. A sa wani ya taka birki a sake girgizawa, in motsin ya ɓace boris ne, in yana nan bol-joyin ne ko bushin. Sannan a kama ta dama da hagu. Motsi a nan na tayarod ne, wato sandar da ke kai umurnin sitiyari ga taya. A sa dogon ƙarfe a ɗan banƙara kusa da kowane bushin, a ga ko robar ta tsage ko ta rabu da ƙarfenta. A duba kuma 'yan rigunan roba da ke rufe da bol-joyin da tayarod, domin da zarar sun yage, giris ya fita, ƙurar hunturu da ruwan damina su shiga, kwanan abin ya kusa ƙarewa. Sau da yawa ƙarar da ta fi tada hankali daga 'yan robobin sandar daidaita mota take fitowa, waɗanda su ne mafi araha da sauƙin canzawa cikin kayan ƙafa duka.

Kowa ya taɓa ganin mota a bakin hanya ta gurfana, tayarta ta gaba ta kwanta waje guda. Yawanci bol-joyin ne ya fita daga gurbinsa. In a cikin gari ne ana tafiya a hankali, sai a ce Allah ya kiyaye. In a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya ne ana gudu, labarin dabam ne. Don haka ban yarda da al'adar nan ta cusa wa bol-joyin leda ko guntun tub, ko a bubbuge shi da guduma don ya daina motsi ba. Ƙarar ce kawai ke ɓacewa, cinyewar ƙarfen tana nan. A yanko roba daga tsohuwar taya a rataye salansa da ita, wannan babu laifi. Amma abin da ke riƙe da taya da sitiyari, sabo ake sa masa.

Wanda zai shiga kasuwar kayan gyara, ko Panteka ce a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya tafi da tsohon abin a hannunsa don gwadawa, domin mota iri ɗaya takan zo da kaya dabam-dabam bisa ga shekarar ƙirarta. In aljihu bai kai ga sabuwar shokazoba ba sai ta hannu, a tsai da ita a tsaye, a ja a tura sau da yawa. Mai kyau za ta yi tauri bai ɗaya daga farko har ƙarshe, wadda ta zarce fayau a wani wuri kafin ta kama kuwa a ajiye ta. Biyu-biyu ake canza su, na gaba tare, na baya tare. Sabuwa a dama da tsohuwa a hagu takan sa mota ta riƙa karkata a kwana da wajen birki.

Shokazobar baya a motoci da dama, inda take zaman kanta ba a cikin sifirin ba, noti ne sama da ƙasa, mai haƙuri zai iya canza ta da rana ɗaya. A zuba wa notunan man sassauta tsatsa tun daren jiya. Ta gaba kuwa, a 504 da mafi yawan motocin yanzu, a cikin sifirin take, an ɗaure su tare. Sifirin ɗin nan a matse yake da ƙarfin da ke ɗaukar kusurwar mota. Wanda ya kwance babban notin tsakiya ba tare da ya kama sifirin da na'urar matse shi ba, abin zai fito kamar harsashi, yana iya karya hannu ko muƙamuƙi. Na ga masu ɗaure shi da igiya ko waya, ban kuwa ba kowa shawarar ya gwada ba. Abin da mai mota zai iya yi shi ne ya ciro ƙafar gaba ɗayanta yadda take, ya kai wa mai na'ura ya canza masa, ya dawo ya ɗaura da kansa. Bushin da ake dannawa cikin ƙarfe ma haka, a cire hannun a kai inda ake da injin dannawa.

Wajen mayarwa akwai ƙa'ida ɗaya da ake yawan mantawa. Notunan da suka ratsa ta cikin bushin ba a ƙarasa ɗaure su mota tana rataye. A kama su sama-sama, a sauke mota nauyinta ya hau kan tayoyi, sannan a matse. In an ɗaure tana sama, robar za ta zauna a murɗe, sabon bushin ya tsage cikin 'yan watanni, a ce jabu aka sayar. Duk aikin da ya taɓa tayarod ko hannun ƙafa kuma, a wuce wajen masu saitin ƙafa kafin a yi doguwar tafiya, in ba haka ba sababbin tayoyi ne za su biya.

Man da aka juye kada a zuba shi a kwata ko a ƙasa kusa da rijiya, a tara shi a galan a kai gareji, a kuma wanke hannu da sabulu don ba ya da kyau ya daɗe a fata. Bayan an gama kome, a sake wanke ƙarƙashin inji, a goge duk robar da mai ya taɓa, a mayar da kwali ƙarƙashin mota kwana uku a jere, ana duba shi da geji kowace safiya kafin a tada inji. Bayan tafiyar kamar mako guda kuma a sake bin notunan taya da na ƙafa da sifana.